Batirin Kaftin a Kan Kaskon Turare

ABDULMAJID: Salamu alaikum, Yaya. Ina kwana?

MAITURARE: Wa alaikumus salam. Auta ne? Lafiya lau. Ya sanyi?

ABDULMAJID: Sanyi alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki? Ya mutanen unguwar Awali?

MAITURARE: Da sauƙi. Ya Halimatu Sa'adiya da yara? Me nake ji yana kuka kamar injin niƙa?

ABDULMAJID: Jirgin rimot na ɗalibina Yahya ne. Muna fili bayan dutsen Uhudu. Kuma na roƙe ki, a gaban jama'a Kaftin ake cewa.

MAITURARE: Kaftin ɗin jirgin roba, da furfurarka.

ABDULMAJID: Allah ya ba ni haƙuri. Yanzu na gama koya wa mutum tara yadda ake tashi da jirgi a sanyi: safar hannu, kada yatsa ya ƙage a kan rimot, batir kuma kada ya yi sanyi, in ba haka ba jirgi ya faɗo kan mutum. Kin ji saƙona kan batirin da na manta a ɗakinki jiya?

MAITURARE: Na ji. Yana nan yana ɗumama.

ABDULMAJID: Madalla. A cikin bargo?

MAITURARE: Wane bargo? A kan kasko.

ABDULMAJID: Kan me? Layin ba kyau.

MAITURARE: Kaskon turare! Na zuba garwashi, na ɗora faranti, na ɗora shi. Har ya fara tashi kamar burodi.

ABDULMAJID: Inna lillahi! Ya kumbura?

MAITURARE: Ya yi kumatu, masha Allah.

ABDULMAJID: Yaya, fashewa zai yi! Wuta yake kamawa, ba ta jin lallashi! A wane ɗaki?

MAITURARE: Inda nake ajiye kayan sana'a mana. Ga itacen turare, ga kwalaben humra.

ABDULMAJID: Ya Rabbi! Yalla, maza ki ɗauki farantin da tsumma, kada ki matsa shi, kada ki soke shi. Ki fita da shi tsakar gida, ki ajiye kan yashi, ki yi nisa!

MAITURARE: Tsaya tukuna. Wa kake yi wa tsawa? Ni da na goya ka?

ABDULMAJID: Wa ya ce ki dafa min batir?

MAITURARE: Kai! Cewa ka yi, "Yaya, a ɗumama min shi kafin in zo." Shekara sittin ina ɗumame. Tuwo, miya, shinkafar jiya, duk a wuta nake ɗora su. Ka taɓa ganin an ɗumama tuwo a bargo?

ABDULMAJID: Ɗumin jiki nake nufi! A aljihu, ko a lulluɓe! Kowa ya san wannan.

MAITURARE: To ni ba kowa ba ce. Ka ce laifinka ne, in tashi.

ABDULMAJID: Ni? Ni da ake zuwa tun daga unguwar Azizya neman shawarata? Wallahi an zalunce ni. Batir sabo dal, ranar da zan nuna musu juyin jirgin da na yi wata uku ina koya—

MAITURARE: Ka ji wani ɗan ƙara da yake yi? Tsss.

ABDULMAJID: Yaya, don Allah!

MAITURARE: Ƙafar nan ma ta riƙe. Ba ta tashi sai ta ji gaskiya.

ABDULMAJID: Tayyib, na ji. Laifina ne.

MAITURARE: Na'am? Iska ta yi yawa wajenku.

ABDULMAJID: Na ce laifina ne.

MAITURARE: Alo? Auta? Raɗa kake yi?

ABDULMAJID: Mutane na kusa da ni, ya shaiha!

MAITURARE: Ga wari ma ya fara tashi.

ABDULMAJID: LAIFINA NE! NI NA CE A ƊUMAMA BATIR! NI, ABDULMAJID, BAN IYA MAGANA BA! Yahya, me kake wa dariya? Ku koma kan jiragenku!

MAITURARE: Duk taran sun ji?

ABDULMAJID: Har da mai shayi! Tashi ki fitar da shi!

MAITURARE: Ai tun da ya fara kumatu na kai shi bayan gida na kife masa bokitin yashi. Abin da ya kumbura ba yisti, ni zan zauna kusa da shi?

ABDULMAJID: To tsss ɗin fa? Warin fa?

MAITURARE: Ƙwai nake soyawa. Ka gaida min ɗalibanka, Kaftin.

ABDULMAJID: Yaya! Wallahi sai na— Alo? Alo!