Ranar da Wanzami Ya Mayar da Askarsa

Ina gaishe ku, iyaye da 'yan'uwa mata na zumunta, cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Sunana Rifkatu, daga Runka. Ku yi mini haƙuri in zauna, ƙafafuna ba su gama dawowa ba.

Da na haifi Yohanna, bai yi kuka kamar sauran yarana ba. Numfashi yake ja sama-sama, leɓensa ya yi duhu. Daga asibitin Safana aka tura mu Katsina a bayan akori-kura. Can likita ta ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a huhunsa. Aka sa masa oksijin, aka fara yi masa allurar tsinka jini.

Na gaji a asibitin nan. Wankan jego ban yi ba, barci ban sani ba. Wata rana addu'ar ma ta ƙi fita daga bakina.

Da za a sallame mu, aka koya mini yin allurar da kaina, safe da yamma, a 'yar cinyarsa. Likita ta riƙe hannuna ta ce kada a yanke shi ko'ina, don muddin yana kan maganin nan jininsa ba zai tsaya da wuri ba.

A gida surukata ta ce ita ba ta taɓa jin jini ya daskare a cikin jariri ba. Beli ne, in ji ta, shi ke tare masa numfashi, kuma duk 'ya'yanta an cire musu. Na yi bayani har na gaji. Ba mugunta ba ce, tsoro take ji kamar ni.

Wata safiya Ishaya mijina ya tafi gona, sai ga ta da tsohon wanzamin unguwarmu da zabirarsa. Ta karɓi yaron daga hannuna. Ba ni da ƙarfin gardama. Na durƙusa a ƙofar ɗaki, na ce, "Yesu, ni na ƙare. Ka tsaya masa."

Wanzami ya fito da askarsa, ya buɗe zanen da aka naɗe yaron, ya ga tabon allura a cinyoyinsa. Ya tambaye ni na mene ne. Na gaya masa duk abin da likita ta ce. Sai ya mayar da askarsa cikin zabira.

"Inna," ya ce wa surukata, "in na yanka jinin ya ƙi tsayawa, me zan ce wa Allah? Ku bar wa masu allura aikinsu."

Surukata ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Da yamma ita ta riƙe mini ƙafarsa na yi allurar.

Mun koma Katsina an yi masa hoton ƙirji, sun ce gudan jinin ya narke. Ga shi a bayana yana barci. Har yanzu nakan sa kunne in ji numfashinsa.

Na gode wa Ubangiji. 'Yar'uwa, in kin gaji har addu'a ta gagare ki, faɗi kalma ɗayar da ta rage miki. Yana ji. Amin.