Ranar da Na Tsaya a Bakin Fili Ba Murya

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Fasto, na gode da wannan zarafi. Ku da ke baya ku ɗan matso, muryar nan da kuke ji ita ke nan gaba ɗayanta, ba ta ƙaruwa. A kanta ma zan ba da shaida.

Yaran yanzu sun san ni da Baba Yila mai zama kusa da taga. Amma a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, ni ne malamin wasanni a wata kwalejin horon malamai a nan Gombe. Gwamnati na neman malamai da gaggawa a lokacin, saboda haka ɗalibanmu ba yara ba ne. Wasu da gemunsu, wasu da matansu a cikin gari. Irin waɗannan mutane aka ce in koya wa ƙwallo, in kuma koya musu zuwa a kan lokaci.

Na yi yawo kafin in zauna a garin nan. Na koyar a Kumasi, na ɗan zauna a Garwa inda na tsinci Faransanci, gwamnati kuma ta tura ni kwas Ingila. A Ingila na ga mai horar da 'yan ƙwallo hannunsa cikin aljihu, yana magana a hankali kamar mai gaida mara lafiya, 'yan wasa kuma suna bi. A Kumasi kyaftin ne mai faɗa, malami yana zaune a benci. Da na dawo gida sai na ga namu ba sa motsi sai an ɗaga murya. Ni kuwa Allah ya ba ni ita. In yi wa Batangale faɗa da yarenmu, in juya in yi wa Bafulatani da Fulatanci, in haɗa kowa da Hausa. In rai ya ɓaci sosai sai in koma Faransanci, tunda ba mai ji, ba mai kai ƙara.

Dokata ɗaya ce, kowa ya san ta: wanda bai zo atisaye ba, ba ya buga wasa, ko shi wane ne.

Wata damina muryata ta fara dishewa. Matata Rifkatu ta dafa citta da kanumfari, ta nemo zuma, na sha har na gaji. Ina cikin aji wata rana na buɗe baki, sai iska kawai. Aka tura ni Jos. Wani likita Ba'indiye ya leƙa maƙogwarona, ya ce wasu 'yan tsiro sun fito a inda murya ke fita, sai an yi aiki. Aka yi. Da zai sallame ni ya kira Rifkatu ta tsaya ta ji. Ya ce kada in yi magana har sai na dawo wurinsa bayan Kirsimeti. Ko raɗa kada in yi. Ya ce in na ɗaga murya sau ɗaya wurin ya ɓare, to, shi ba shi da sauran abin da zai ɗinka.

Shugaban kwaleji mutumin kirki ne, amma ya gaya mini gaskiya. Ya ba wani ajina ya riƙe. Ya ce in murya ba ta dawo bayan hutu ba, likitocin gwamnati za su zauna a kaina, kuma malami marar murya sallama ake yi masa. Ƙananan yara gare ni a lokacin, ba ni kuma da wata sana'a sai wannan. Sa'an nan ya ce gasar kwalejoji ta zo, ba a yarda 'yan wasa su shiga fili ba malami tare da su, ba shi kuma da wani sai ni. "Ka tsaya musu kawai, Malam," in ji shi. "Ga usur ɗinka nan."

'Yan'uwa, shiru yana gajiyar da mutum fiye da noma. A gidan haya muke a unguwar Bagadaza, tsakar gida ɗaya da maƙwabta. Da safe a gaishe ni, in ɗaga hannu kamar ɗan sanda. Ƙaramar 'yata ta daina zuwa wurina, tana tsammani fushi nake da ita. A majami'a, ni da nake jan addu'a har a jiyo ni daga titi, sai in zauna ina kallon bakin mutane.

A fili kuwa abin ya fi ciwo. Akwai wani ɗan wasanmu Sani, iyayensa mutanen Katsina ne, mahaifinsa babban ɗan kasuwa a nan garin. Ban taɓa horar da mai ƙafar hagu irin tasa ba, ko a Kumasi. A shekarar aka saya masa babur sabo dal. Da ya ga bakin Malam ya mutu, sai ya daina zuwa atisaye. Muna fili za mu ji ƙarar babur ɗinsa ya wuce ta bayan katanga, ya nufi gidan silima. Sauran su dube ni. In busa usur, a ci gaba. Me zan yi? Usur ba ya kiran sunan mutum.

Ana saura kwana kaɗan wasanmu na farko, na dawo gida da la'asar, na kasa ko cire takalmi. Na zaga bayan ɗaki inda Rifkatu ke shanya, na durƙusa a kan ƙasa. Na so in yi addu'a, sai na rasa da wane harshe zan fara. Duk harsunan da na tara a yawona, ba ɗaya da zai fita. A zuciyata kawai na ce, "Ubangiji, na gaji. Ba zan iya riƙe bakina ba ranar wasa, na san halina. In za a riƙe shi, kai za ka riƙe." Ban ji wata murya daga sama ba, ban ga haske ba. Na daɗe a wurin har ƙafafuna suka yi sanyi. Da na ɗaga kai sai na ga Rifkatu tsaye da kwanon wanki, tana kallona. Ta ajiye kwanon, ta ɗaura ɗankwali, ta fita.

Daga baya na ji inda ta je. Unguwar Madaki ta nufa, gidan kyaftin ɗinmu Alhassan. Musulmi ne, ɗan tsohon gida a Gombe, mai tsaron baya, magidanci, maganarsa kaɗan. Ban san abin da suka tattauna ba, har yau ba ta gaya mini duka ba.

Ranar wasa fili ya cika, har da 'yan kallo a kan bishiyoyi. Muna shirin shiga sai Alhassan ya tara 'yan wasa a gabana.

"Malam, Mama ta zo wurina," in ji shi. "Mun yi shawara. Yau in ka buɗe baki, ko tari ne mai kama da magana, dukanmu za mu zauna a ƙasa, a ci mu yadda aka ga dama."

Golanmu Ayuba, ɗan ƙabilar Waja ne mai ban dariya, ya ce, "Ni ma kwanciya zan yi a cikin raga, Malam. Da ma barci nake ji."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, na ga da gaske suke.

Sai ga ƙarar babur. Sani ya sauko da sabon takalmin ƙwallo a wuya, ya miƙa hannu zai ɗauki rigarsa. Zan faɗi gaskiya a gaban Allah, a ranar da ina da baki, da na ce a ba shi. Na gaji da rigima, kuma abokan karawarmu sun fi mu ƙarfi. Amma Alhassan ya ɗora ƙafa a kan jakar riguna.

"Ina ka shiga duk kwanakin nan?"

"Kai ne malami yanzu? Malam bai ce komai ba."

"Ba sai ya ce ba. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Fulatanci, ya faɗa da wanda ba ma ji. Ka zauna a benci."

"To wa zai ci muku?"

"Babur ɗinka," in ji Ayuba.

Sani ya dube ni. Na dubi ƙasa. Ya je ya zauna a ƙarshen benci, ya juya mini baya.

Aka fara wasa. Kafin hutun rabin lokaci sun jefa mana ɗaya. 'Yan kallo suka fara kiran sunan Sani. Ina ganin kuskure ƙuru-ƙuru, ɗan gefenmu yana barin wurinsa, maganar ta taso ta tsaya mini a wuya kamar ƙashin kifi. Na cije usur har haƙorina ya yi ciwo. Duk lokacin da Alhassan ya kore ƙwallo sai ya waiwayo ya dubi bakina.

Ana cikin haka jama'a suka dare. Mahaifin Sani ne, Alhaji, da babbar riga, mutanensa na biye. Ya zo ganin ɗansa ne, ya tarar da shi a benci. Dattijo ne da ya girme ni nesa. Ya tsaya a gabana.

"Barka da yamma, Malam."

Na rusuna, na dafa ƙirji.

"Malam, na ce barka da yamma."

Na nuna maƙogwarona. Bai gane ba, ko kuwa hayaniya ta hana shi lura. Fuskarsa ta canja.

"Ikon Allah! Ni zan gaishe ka ka yi mini shiru a gaban jama'a? Ka zaunar da ɗana, sa'an nan gaisuwata ma ta fi ƙarfin bakinka? Abin da kuka koyo a Ingila ke nan?"

Ku da kuka tashi a ƙasar nan kun san abin da wannan ke nufi. Na zauna cikin Ashantawa, na zauna cikin Fulanin Garwa, ban ga inda ake yafe wa wanda ya ƙi amsa gaisuwar babba ba. Mutane suka daina kallon ƙwallo, suka koma kallonmu. Wani daga cikin mutanensa ya ce, "Girman kai ne kawai." Kalma biyu za ta kashe maganar: ba lafiya. Amma cikin wannan hayaniya sai na ɗaga murya kafin ya ji. Na ja numfashi. Na buɗe baki, 'yan'uwa, na buɗe! Na hango Alhassan a tsakiyar fili ya tsaya cak, ya fara lanƙwasa gwiwa.

Sai na ji an riƙe hannuna. Sani ne. Ya shiga tsakanina da mahaifinsa, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri. Aiki aka yi masa a wuya, likita ya hana shi magana. In ya amsa maka, muryarsa ta tafi ke nan."

Alhaji ya dube ni, ya dubi ɗansa. Sa'an nan ya ce, "To kai me ya zaunar da kai?"

"Ba shi ya zaunar da ni ba. Ban zo atisaye ba."

"Kullum da la'asar kana fita, ka ce mini fili za ka."

Sani bai ɗaga kai ba. "Silima nake zuwa, Baba."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙa hannu, ya ce, "Makullin." Sani ya zaro makullin babur daga aljihu ya ba shi. Alhaji ya juyo gare ni, ya ce, "Malam, rufe bakinka. Allah ya ba ka lafiya. Na yi gaggawa." Ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna kusa da benci har aka tashi.

Yabo ga Ubangiji! Ni na roƙa a riƙe mini baki, ban san da hannun wa za a riƙe ba. Da an ce in zaɓa, Sani ne na ƙarshe da zan ambata.

An ci mu a ranar, an kuma fitar da mu daga gasar. Ba zan ƙara wa labarin gishiri ba. Na koma gida jikina kamar an yi mini duka, na kwanta ban ci tuwo ba. Amma da aka koma atisaye, Sani ya riga kowa zuwa, a ƙafa, ƙura har gwiwa. Ayuba ya tambaye shi ko babur ɗin ya tafi silima shi kaɗai.

Bayan Kirsimeti muka koma Jos, ni da Rifkatu. Likitan ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. Ya ce, "Kira matarka." Na ji tsoro ƙwarai. Na dube ta, na ce, "Rifkatu." Ya fito ƙasa-ƙasa, a dishe, amma ya fito. Ta rufe fuska da gyale, ta yi ta kuka a gaban Ba'indiyen nan. Ya ce ihu kam na gama shi har abada, amma aji zan iya, in ɗalibai za su yi shiru.

Da muka sauka a tasha ban wuce gida ba. Na bi ta kasuwa, na sami Alhaji a shagonsa yana auna yadi. Na rusuna na ce, "Barka kadai, Alhaji. Na zo amsa gaisuwa." Ya ajiye almakashi, ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan ita ce amsar da ta fi kowace daɗewa a hanya.

Likitocin gwamnati ba su zauna a kaina ba. Da wannan 'yar muryar na koyar har na yi ritaya, da ita na aurar da 'ya'yana.

Na tsufa yanzu, tsayuwar nan ma ta ishe ni. Abin da zan bar muku kaɗan ne. In akwai wanda ya gaji a cikinmu yau, har addu'a ta ƙi fita daga bakinsa, ya durƙusa haka nan. Ubangiji ya ji tawa ba tare da ta bi ta maƙogwaro ba, zai ji taka. Ka dogara gare shi, kada kuma ka zaɓa masa wanda zai aiko.

Godiya ta tabbata ga Allah Uba, cikin sunan Yesu. Amin. Wani ya taimake ni da sandata.