Ranar da Muka Daina Cewa "Ki Dawo Alhamis"

Mai girma shugabar taro, likitanmu, 'yan kwamitin asibiti, abokan aikina ungozomomi da ma'aikatan jinya, masu gadi da masu shara, iyaye mata da kuka cika filin nan da goyo a baya, da mazajen da suka bar sana'a suka rako ku, assalamu alaikum.

Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan dama, ina godiya gare ku da kuka jure zaman rana. An ce in yi magana kan shekara biyun da muka yi ba mu rasa yaro ko ɗaya saboda tamowa ba. Zan yi, amma da abin kunyata zan fara, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A da, ranar Talata ake riga-kafi a ɗakin gaba, ranar Alhamis ake awon yara a ɗakin baya. Abincin jinyar masu tamowa yana jibge a sito, makullin yana jakar mutum guda. Komai muna da shi, amma kowane da ranarsa, kowane da ƙofarsa.

Wata Talata wata mai ɗinki ta kawo 'yarta 'yar wata tara. Na kama cinyar zan yi allura, na ji fata ce zalla. Uwar ta ce, "Sista, ba ta cin komai, nonon ma ya ja baya." Na duba layi, ya kai bakin titi. Na ce, "Ki dawo Alhamis a auna ta." Ta ce, "Sista, yau ma sai da na rufe shago, mota biyu na hau." Na ce, "Haka tsarin yake." Ni na faɗa, da bakin nan nawa.

Sai bayan mako biyar ta dawo, ƙafafun yarinyar a kumbure, gashi ya yi ja, ko kuka ba ta iyawa. Uwar ba ta zage ni ba. Ta shimfiɗe yarinyar a kan teburina ta ce, "Yau Alhamis ce, Sista." Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a kanta, Allah ya tashi kafaɗunta. Ga ta can a layi na biyu tana jan ɗankwalin uwarta, ba ta ma san da ita ake ba.

Bayan haka mu masu takardu muka yi zama har uku kan yadda za a gyara jadawali. Mai shararmu, wadda kowa ke kira Iya, tana share ƙasa tana jinmu, sai ta ce, "Wai sikelin awon yaran nan a kafe yake ne?" Ta jingine tsintsiya, ta ciccibo shi ta dire a ɗakin riga-kafi. Har yau yana nan.

Daga ranar muka ɗauki alkawari. Na farko, yaron da ya shigo, ko tari ya kawo shi, sai an auna nauyinsa da damtsensa kafin ya fita. Na biyu, makullin sito yana hannun duk wadda ke bakin aiki. Na uku, mai ciki ba awon jini kaɗai za a yi mata ba, sai an zauna an tambaye ta abin da ta ci jiya, an kuma tsaya an ji amsa.

Sai dai da sauran rina a kaba. Ƙwayar ƙarin jini ta masu ciki takan yanke mana wata guda cur, mu riƙa sallamar mata da baki. 'Yan kwamiti, wannan a wuyanku yake, kuma zan yi ta ƙwanƙwasa muku ƙofa har ku gaji da ganina. Ku kuma maza, mai shayarwa bakin mutum biyu take ci da shi, a fara zuba mata kafin a zuba muku.

Allah ya sauki masu ciki lafiya. Allah ya raya mana yaran nan, su girma su fi mu. Allah ya saka wa ma'aikatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.