Jinin 'Ya'yana Maza Ba Ya Tsayawa

Assalamu alaikum, malam mai karanta wasiƙu. Ni ne Garba manomi, daga Kiru.

'Ya'yana mata lafiyarsu ƙalau, amma maza biyu na binne. Da wanzami ya cire musu beli, jinin bai tsaya ba har rai ya yi halinsa. Haka ƙannen mai ɗakina suka rasu wajen kaciya.

Na taka har asibitin Kano. Malamin asibiti ya ce abubuwa da yawa ke haɗuwa jini ya daskare, har da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, irin na cikin nono. Na dawo na yi ta ɗura wa mai ɗakina kindirmo, da yake tana da juna biyu, har cikinta ya tsufa. Da na koma sai ya ce, "Garba, ba nono suka rasa ba. Gado ne, kuma ba mu da maganinsa."

Shekaranjiya ta sauka, namiji. Baffana ya ce, "A gidan nan ba a barin yaro da beli." Har ya aika wa wanzami.

Jama'a, ku ba ni shawara. Uwar ta ƙi kallon fuskar jaririn, wai kada ta saba da shi.