Baƙuwar da ke Tagar Inna

Da sunan Allah Mai rahama. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam liman da dattawan unguwar Kudai da ke jin mu ta bayan labule, Baba, iyayenmu mata, 'yan'uwa da kuka taso daga Shisha da Aziziyya, sannunku da zuwa. Ni ce Tahani, matar Mukhtaru ɗan marigayiya. An ce in yi magana a madadin gida a kan wadda kuke kira Hajja Zali, mu kuma muke kira Inna.

Ta kasance uwar duk alhajin da ya ɓata hanya. Ta kasance mai ɗora tukunya kafin ta tambayi baƙo ƙasarsu. Da yawa a cikinmu a kan tabarmarta suka fara kwana a Makka.

Cikin baƙin nan akwai wata tsohuwa 'yar Indunusiya da zazzaɓi ya kayar a tashar bas. Inna ta yi jinyarta, ba Hausa ba Larabci, sai nuni da hannu. Da ɗan matar ya zo umara, ya kawo tukuici: wata shuka daga duwatsun ƙasarsu, inda gajimare ke kwana a kan itatuwa. A ƙarshen kowane ganye akwai ɗan tulu ja mai murfi. Ƙuda ya leƙa ya faɗa, ba ya fitowa. Ɗan matar ya ce ko a can ba kasafai ake ganinta ba. Inna ta sa mata suna Baƙuwa.

Ina amarya Inna ta same ni riƙe da littafin soyayya. Ta ce, "Ya binti, ke kullum takarda! Ga mai haɗiye masoyanta a taga, zo ki ga labari."

Baƙuwa ba ta shan ruwan famfo, gishirinsa yana ƙona mata saiwa. Sai wanda ke ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗakin Inna, tana tarawa a kwanon sha. Na taɓa cewa, "Inna, ba Zamzam ya fi ba?" Ta yi dariya. "Zamzam namu ne, 'yan Adam. Ita 'yar ruwan sama ce. Kowa da abin da Allah ya gina shi a kai."

Tun ranar da aka kai Inna makwancinta ɗakin yake kulle, mukayyif a kashe. Amma wallahi, in na wuce ƙofar da azahar, ina jin ɗigon nan a kwano. In na tsaya, shiru.

Baba, ka yafe mini, a gida bakina ya kasa. Ka fito da Baƙuwa falo, kullum kana ba ta Zamzam da cokalin da ka riƙa jiƙa leɓen Inna da shi. Muna gani. Tulunan suna ta bushewa. Saura guda, ƙarami, ko murfinsa bai buɗe ba.

Baƙuwa ba za ta ƙara ganin duwatsunsu ba, kamar yadda Inna ba ta ƙara ganin Damagaram ba. Mu kaɗai take da su. Baba, don Allah ka ba mu makullin. Mu kunna, mu mayar da ita tagarta, mu mayar da kwanon. Ina so in tsaya a ƙofar nan in ji ɗigon bai ɗauke ba.

Mun gode muku, Allah ya mayar da kowa gida lafiya. Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta, ya shayar da ita daga Alkausara. Allah ya ba Baba ƙarfin buɗe ƙofar. Amin.