Na Sayar da Akuyar Habbanaye

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetona, 'yan'uwa. Ni ne Bulus, ɗan kabu-kabu, daga wani ƙauye kusa da Kanambakashe. Da kunya na tsaya gabanku, amma sai na faɗa.

Wata ranar kasuwar Tasawa na shiga mashaya da wani abokina, ni lemo kawai nake sha. A lungu akwai mashin na caca mai fitilu. Abokin nawa ya ce in gwada. Na saka dala ashirin, na danna, sai ga kuɗi na zuba kamar an kwance bakin buhu! Da hula na tara su. Ranar na saya wa matata Rahila zane, yara suka ci nama. Mako na gaba na sake ci. Ku ji wautata: har baiko na ƙara ran Lahadi, ina cewa Ubangiji ne ya buɗe mini ƙofa.

Daga nan mashin ya daina bayarwa, ni kuwa ban daina zuwa ba. Kuɗin esansi, man babur ɗina, ya tafi, hatsin rumbu ya bi.

Muna da maƙwabciya, Goggo Habi, tsohuwar Bafulatana, Musulma. Ita ta ba Rahila jar akuya habbanaye. Kun san al'adar: ki kiwata, in ta haihu 'ya'yan naki, uwar ta koma wa mai ita. Ba a ba kowa, sai wadda aka yarda da ita. Rahila ta yi murna har da hawaye, don a garin nan ba ta da dangi.

Akuyar na da ciki na ɗora ta a babur, na ce rigakafi zan kai ta. Na sayar da ita. Kafin la'asar mashin ya cinye kuɗin kaf. Na koma gida na ce ta tsinke igiya a hanya.

Kwana uku Rahila na yawo cikin gonaki da goyo a bayanta, tana tambayar makiyaya. Ƙafafunta suka tsattsage. Ni ina zaune ina kallo. Wayyo ni!

A rana ta huɗu na ji ta a bayan ɗaki tana addu'a: “Ya Ubangiji, kada Goggo ta ɗauke ni maciya amana.” Na durƙusa nan tsakar gida, na ce, “Yesu, ni ne ɓarawon. Ka cire mini abin nan, na kasa da kaina.” Na yi kuka kamar yaro, na gaya wa Rahila gaskiya.

Na je wurin Goggo na durƙusa. Ta ce, “Bulus, tun rannan na sani, ɗana ya gane ka kasuwa. Akuya ba komi ba ce. Amma mi yarinyag ga ta yi maka, da ka bar ta tana yawon daji da ɗiya a baya?”

Na roƙe ta gafara, na tashi na koma gida.

Tun ranar ban sake taɓa mashin na caca ba, ko sha'awarsa babu. Wannan aikin Yesu ne, halleluya! Na yi aiki na sayi wata akuya na kai wa Goggo. Ta karɓa, ta sa mini albarka, ta ba wata mata habbanayenta. Har yanzu ba wanda ya sake ba gidanmu habbanaye. In mata na hirar awakinsu, Rahila tashi take ta shiga ɗaki, kuma ni na jawo mata.

Na gode wa Ubangiji da ya kwance ni. Wanda mashin ya fara yi wa daɗi a cikinku, ya kira Yesu tun yau, zai ji shi kamar yadda ya ji ni. Ku kuma sa Rahila a addu'a, ta yafe mini, amma zuciyarta ba ta warke ba tukuna. Amin.