Talabijin Ɗin Inna Kafin Ranar Arfa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Daga Rawayau nake rubutowa.

Eriya ɗaya gare mu, na raba wayarta zuwa talabijin uku. Tun daga nan hoto ke daskarewa, musamman a ɗakin mahaifiyata da ba ta iya tashi. Ƙanena ya tafi Hajji, Inna ta ce, "Ko ban hango shi ba, ina son in ga inda zai tsaya."

Na je Dutsin-Ma na sayo busta mai ƙara ƙarfin sigina, na ƙara wa eriyar tsawo. Ɗakuna biyu sun washe, nata yana ta yankewa. Masana, ko wayar ce ta yi tsawo? Ku taimaka da shawara. In ta ƙi, zan cire wayoyin sauran ɗakunan biyu, in bar wa Inna eriyar ita kaɗai.